Malam Yusha'u da Turmin Inna Kande

Ranar da Malam Yusha'u ya yi ritaya, bayan shekara talatin da biyar yana kula da ɗakin ajiyar fayil a wata ma'aikata a Gusau, abokan aikinsa suka tambaye shi abin da zai kama. Cikin waɗanda suka riga shi barin aiki, wasu sun koma noma a Ruwan Bore, wasu sun buɗe shago, wani kuma tabarma kawai ya saya ya shimfiɗa a ƙofar gida yana jiran lokacin salla. Malam Yusha'u ya dubi masu tambayar cikin tausayi, ya ce shi sana'ar da zai yi ba ta iso Zamfara ba tukuna, shi ne zai kawo ta.

A waya ya gan ta. Wani tsoho ne a wata ƙasa ya ɗaure guntun itace a jikin inji, itacen na juyawa da gudu, tsohon ya ɗan kara masa ƙarfe mai kaifi, kafin ka ce kwabo sai ga akushi ya fito sumul. Malam Yusha'u ya kalli hoton sau uku ya tabbatar wa kansa ya gama koyo. Da yamma, a majalisarsu ta gindin dogon yaro da ke ƙofar gidansa a Damba, ya bayyana wa jama'a sirrin abin.

"Injin ke aikin," in ji shi. "Mutum tsayawa kawai yake yi a gefe."

Maƙwabcinsa Alhaji Yakubu mai shago ya ce, "To ai kuwa ka dace, Malam. Shekara talatin da biyar kana koyon wanga fanni."

Malam Yusha'u ya yi godiya, don shi duk maganar da aka ambaci sunansa a ciki yabo ce.

Joseph mai walda ne ya haɗa masa injin, da tsohon injin markaɗe da bel da wasu tsinin ƙarafa biyu masu riƙe itace. Ranar da ya kawo shi a amalanke, ya tarar an riga an kafa allo a ƙofar gida, an rubuta: Masana'antar Sassaƙa ta Zamani, Injiniya Yusha'u. Joseph ya karanta, ya sauke kaya.

"Oga, abu biyu zan faɗa maka," ya ce. "Gudu ɗaya gare shi. Kuma makashinsa ya lalace, in kana so ya tsaya sai ka zare fulogi."

"Ba don ya tsaya na saye shi ba," in ji Malam Yusha'u.

Washegari ya hau mota zuwa Tsafe wurin Ɗanladi masassaƙi, wani tsoho da ya yi suna wajen sassaƙa turmi da gizago. Kada ka ɗauka koyo ya kai shi. Ya je ne, a cewarsa, don ya sauke haƙƙi. Ya sami tsohon a rumfa, ya rungume wani kututture tsakanin ƙafafunsa yana sara a hankali.

"Baba, na zo in sanar da kai da bakina, kada ka ji a bakin mutane. Turmin da kake wata guda kana fama da shi, ni kafin a sauke shayi zan fitar da shi."

Ɗanladi bai ɗaga kai ba. "Madalla. Mu huta ke nan."

"Ko akwai abin da kake so ka tambaye ni?"

"Babu. Amma bari in ba ka guda kyauta. Icce ba fayil ba na, da za a ciro takarda a maida. Abin da ƙarfe yac cire ya tafi ke nan. Sassaƙa duk ga sanin inda za a tsaya take."

Malam Yusha'u ya ce wannan maganar waɗanda ba su da inji ce. Ya nemi a sayar masa da busasshiyar kirya, itacen nan mai tauri da ake turmi da shi. Ɗanladi ya ce kiryarsa ba ta yi wa kowa laifi ba, ya ci gaba da saransa.

Da ya dawo Damba hannu rabbana, sai idonsa ya faɗa kan dogon yaron majalisa. Ya sa aka sare reshe ɗaya, ya ɗaure shi a inji, ya ja igiya. Reshen ya yi juyi bai fi goma ba ya kuɓuce, ya haura katanga, aka ji ƙarar fashewar tulu a gidan Alhaji Yakubu. Jim kaɗan Alhajin ya shigo da sallama, reshen a kafaɗa, rigarsa jage-jage.

"Malam, ga kayan masana'antarka. Sun riga ka fita talla."

"Gwaji ne," in ji Malam Yusha'u. "Ina auna ƙarfin injin."

"Ya ci jarrabawa," in ji Alhaji Yakubu.

Reshe na biyu ya zauna. Da hantsi Malam Yusha'u ya kira matarsa Huseina ta zo ta ga taɓarya. Huseina mace ce marar yawan magana, shekara talatin tana sauraron mijinta, ta kuma gane ba kowace magana ce ke buƙatar amsa ba. Ta duba ta ce gefe ɗaya ya fi kauri. Ya rage gefen, sai ɗaya gefen ya fi. Da azahar ya sanar cewa muciya ce, dama ita ya nufa tun farko. Da la'asar ta zama maburgi, shi ma dama shi ya nufa. Kafin magariba abin da ya rage ya koma tsinke, ya aika wa mai tsiren bakin titi kyauta, a matsayin samfur. Mai tsire ya maido shi washegari, ya ce yana sa nama ɗaci.

Haka aka yi ta yi. Cikin mako uku dogon yaron ya koma gungume tsaye, 'yan majalisa suka koma zama a jere cikin siririyar inuwarsa, rana na matsawa suna matsawa. Babu wanda ya yi ƙorafi, don abin kallon da suke samu ya fi inuwar daɗi.

To, a tsakar gidan nan akwai wani turmi. Na Inna Kande ne, mahaifiyar Huseina, Allah ya jiƙanta. Turmin kirya ne, ya haura shekara sittin, ya yi baƙi ya yi santsi don shan hannu, kuma ya ɗan karkace, sai an tokare shi da tsakuwa yake zama daidai. Shi kaɗai Huseina ta ɗauka cikin kayan uwarta. A danginsu na 'Yankuzo ba a kai amarya da sabon turmi, na uwa ake ba 'ya, a yi dakan farko a cikinsa a gidan miji. Yanzu kuwa lokaci ya zo, 'yarsu Nusaiba za ta auri wani malamin makaranta a Bungudu, ranar Asabar za a kai kayan ɗaki. Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne kakar ango, Hajiya Aishatu, ƙawar Inna Kande ce tun suna 'yan mata, sun yi lugude tare a cikin wannan turmi. Tsohuwar ta aiko cewa idonta ya tafi, amma ita za ta saka taɓaryar farko, don tana so ta sake jin muryar turmin Kande kafin ta cika.

Ranar Alhamis da safe Huseina da Nusaiba suka shirya zuwa 'Yankuzo ɗauko gwaggwanni, sai Juma'a da yamma za su dawo. A bakin zaure Huseina ta juyo.

"Malam, ga turmin Inna nan. Don girman Allah."

"Haba Huseina. Ni da turmin mata?"

Da gaske yake lokacin da ya faɗa. Amma bayan sun tafi ya zauna shan koko, turmin na gabansa, a karkace. Ya juya kujera, ya ga har yanzu a karkace yake. Ya tuna da allon da ke ƙofar gida. A ce daga gidan Injiniya aka fitar da karkataccen turmi, har Bungudu, a gaban surukai? Ai ba sassaƙa zai yi ba, ɗan shafa ne kawai, kamar yadda wanzami ke gyaran fuska. Ya aika aka kira Joseph.

Joseph ya zagaya turmin sau biyu. "Oga, wannan ya fi ƙarfin injin. Kuma na Madam ne."

"Madam zan yi wa bazata."

"Za ta yi mamaki kam," in ji Joseph.

Ya ɗaure shi dai, don an matsa masa, sannan ya tuna yana da koyon waƙa a coci, ya tafi bai ko tsaya sallama ba.

Malam Yusha'u ya ja igiya. Turmi mai nauyi, ga shi a karkace, da ya fara juyawa sai injin ya kama rawa. Daga rawa ya fara tafiya. Ya bi ta kan igiyar shanya, ya watsa kaji, ya nufi zaure. Fulogin na can ɓangaren bel, babu mai hankalin da zai kai hannu. Malam Yusha'u ya ga tunda ba za a tsaya ba, bai kamata a yi asarar juyin ba, ya kara ƙarfensa a jikin turmin yana biye da injin yana sassaƙa. A haka suka ratsa zaure suka fito ƙofar gida, injin a gaba, Injiniya a baya. 'Yan majalisa suka ɗage ƙafafunsu ya wuce. Sai da mai ya ƙare ya tsaya, daf da kwata.

"Ina zuwa haka, Malam?" in ji Alhaji Yakubu.

"Iska nake ba shi. Zafi ya yi."

"Wanga ba turmin Inna Kande ba na?"

"Gyara ne kaɗan."

"Allah ya sa ba garin neman gira ba," in ji Alhaji Yakubu, ya bar sauran maganar a cikinsa.

Tafiyar ta bar wa turmin wani zurfaffen zane, ya nannaɗe shi daga gindi har baki. Malam Yusha'u ya duba ya ce abu mai sauƙi ne, in an rage jikin duka ya kai zurfin zanen, zanen ya ɓace. Aka maida injin ciki, ya danne shi da bulo takwas. Ya rage jiki, zane ya ɓace, amma bakin turmin ya yi siriri har kana hango hasken rana ta cikinsa. Ya ɗan taɓa bakin, ya tsage. Ya yanke bakin don ya kawar da tsagar, sai gindin ya yi wa sauran girma. Ya rage gindin, sai ya ga har yanzu akwai 'yar karkata. Jan garin kirya ya rufe tsakar gida, ya rufe kaji, ya rufe gemun Injiniya.

Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci turmin ya dawo kamar akushi. Malam Yusha'u ya ce saura shafa ɗaya. Bayan an sauko ya yi shafar. Da ya zare fulogi ya kwance abin da ya rage, sai ya ga ya zauna cif a tafin hannunsa. Babu karkata ko kaɗan. Ƙasan cikin turmin ne kawai ya saura, ɗan gurbin nan da taɓarya ta shekara sittin tana sauka.

Ya buɗe baki zai ce dama shi ya nufa, ya ga babu kowa a gidan sai kaji. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da fayil ɗin babban sakatare ya ɓace. Ya jefa abin a aljihun babbar riga ya nufi tasha.

Ɗanladi na nan inda ya bar shi, kamar bai motsa ba.

"Injiniya. Ka tsaya?"

"Na tsaya, Baba."

"Ina kat tsaya?"

Malam Yusha'u ya ciro abin daga aljihu. Tsohon ya ajiye gizago ya karɓa, ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Wagga kirya ta girme ka," ya ce. Ya miƙa masa abinsa.

Sabon turmi kaɗai Ɗanladi ke da shi, jawur, yana ƙamshin ɗanyen sara. Malam Yusha'u ya ce a ba shi, sannan ya rage murya.

"Baba, yaya ake tsufar da turmi?"

"Daka aka yi cikinai shekara sittin."

"Ba ni da shekara sittin. Gobe ne."

"To ka sa inji," in ji Ɗanladi.

A hanya dabara ta zo masa, kuma ya yi mamakin yadda masassaƙan gargajiya duk ba su taɓa tunaninta ba. Ya biya rumfar Joseph ya ɗebi baƙin mai a galan. Ya shafe sabon turmin ciki da waje har ya yi baƙi ƙirin, ya goge da tsumma, ya cusa shi a buhu biyu, ya ɗaure da waya. Sannan ya ɗauki tsintsiya ya share tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba tun da aka gina gidan.

Da yamma matan suka dawo da gwaggwanni cike da mota. Huseina ta dubi sharar, ta dubi buhun, ta dubi mijinta.

"Na ɗaure miki shi ne don kada ya bugu a hanya," in ji shi.

Ta duƙa a gindin bango ta ɗebi wani jan gari da tsintsiya ba ta kai ba, ta murza shi tsakanin yatsu, ta shige ɗaki. Malam Yusha'u ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka ya tsira.

Ranar Asabar ya ce shi ma zai bi motar kaya. Gwaggwanni suka ce ina aka taɓa ganin uban amarya ya raka kayan ɗaki? Ya ce zamani ne. Ya zauna a bayan mota ya rungume buhu tun daga Gusau har Bungudu, Alhaji Yakubu na gefensa, don ya ce ko shago zai rufe ba za a ba shi labarin wannan rana ba.

A Bungudu mata suka shige da kaya, Huseina a cikinsu, maza suka zauna a tabarmi a ƙofar gida. Da aka gaisa aka sha ruwa, Malam Yusha'u ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta, bakinsa ya dawo. Ya shaida wa dangin ango cewa nan da baɗi babu gidan da za a ga turmin gizago a Zamfara, kuma a matsayinsu na surukai za a sa su a sahun farko. Yana cikin bayanin yadda ake zaɓen itace aka ji guɗa daga ciki. Sannan aka ji saukar taɓarya sau ɗaya. Aka ji ta biyu. Daga nan shiru.

Can sai ga turmi ana mirgino shi ta zaure. A bayansa wata ƙaramar tsohuwa ce tana dogara sanda, Hajiya Aishatu, mata sun cika bakin zauren a bayanta. A hannunta akwai gero, baƙi kamar gawayi.

"Wa yad ɗaure wanga buhu?"

"Ni ne, Inna," in ji Malam Yusha'u.

"Turmin Kande in an buga shi, har bakin rijiya aka jin shi. Wanga kamar an bugi katifa. Kuma warin tashar mota yaka yi."

"Gyara aka yi masa, Inna, irin na zamani. Man nan maganin gara ne."

"Af, magani na? To ɗanɗana."

Ta miƙo masa geron. Jama'a na kallo. Malam Yusha'u ya karɓa, ya yi bisimilla, ya watsa a baki, ya tauna a natse har ya haɗiye. Idanunsa suka cika da ruwa.

"Haka na zamani yake," ya ce. "Sai an saba."

"A ƙaro mai?" in ji Alhaji Yakubu.

Sai aka ji muryar Huseina daga bakin zaure, ba da ƙarfi ba.

"Malam, turmin Innata a karkace yake. Wannan a miƙe yake. Abin da ke aljihunka tun jiya, wanda kake dafewa ko ruku'u za ka yi, fito da shi."

Ya dubi hanyar Gusau, ya ga ta yi nisa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro, ya ɗora a tafin tsohuwar. Wasu samari suka fashe da dariya, wani dattijo ya harare su suka haɗiye.

Hajiya Aishatu ta laluba abin da yatsu. Babban yatsanta ya faɗa cikin gurbin ya tsaya. 

"Nan na," ta ce. "Nan munka sha saukar da taɓarya, ni da Kande. Ita ta dama, ni ta hagu."

Ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ya yi 'yar ƙara siririya. Ta kai shi kunne ta sake ƙwanƙwasawa.

"Muryar na nan. Ta dai koma ta jinjiri." Ta juya wajen matan. "A ba amarya, gadonta na. Ta riƙa daka masoro ɗai-ɗai."

Nan Malam Yusha'u ya hango ƙofa. Maganar ta taso masa da kanta har ta iso leɓe: turmin yaji, na tafi-da-gidanka, dama shi ya nufa tun farko. Ya gyara babbar riga, ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki. Sai idonsa ya sauka kan Huseina. Ta karɓi ɗan guntun daga hannun tsohuwar, ta riƙe shi da hannu biyu a ƙirjinta, hawaye na bin fuskarta ba ta ko share ba. Bai taɓa ganin ta yi kuka a gaban mutane ba, ko ranar da aka binne Inna Kande. Kunya ta rufe shi, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Jama'a duk sun zuba masa ido suna jiran jawabi. Alhaji Yakubu ma ya gyara zama.

Malam Yusha'u ya sauke yatsansa, ya rufe bakinsa. A duk zamansa na masassaƙi, ranar ce kaɗai ya san inda za a tsaya.